Ba Zafin Rana Ke Busar da Fentin Kwale-Kwale Ba

Da rani, idan ruwa ya ja baya a madatsar Watari ta Bagwai ko ta Tomas da ke yankin Dambatta, ba ka rasa kwale-kwale a kife a gaɓa ana gyara. Ka'idar da aka saba ji a wurin ita ce: shafa fenti da hantsi, bar shi a rana, in ka taɓa bai kama yatsa ba, ƙara na biyu kafin la'asar.

Masu faɗin haka suna da hujja. Fentin ruwa da ake shafa wa bango haka yake, ruwan na tsanewa cikin 'yan sa'o'i an gama. Ga kuma lalura, domin jirgin da ya kwana a tudu, mai shi ya kwana ba kifi, ba kuɗin fito. Sai dai iyayenmu masunta su yi mini haƙuri, fentin mai da ake shafa wa jirgi halinsa daban.

Bushewa biyu yake yi. Da fari tinar da ke cikinsa ta bi iska, wannan nan da nan ne. Daga baya man ya riƙa shan iska yana daskarewa sannu a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Zafin watan Afrilu, wanda kan kai digiri 40, saman kawai yake gaggautawa: ya yi fata, cikin kuwa yana nan ɗanye. In aka ɗora sabon shafi, tinarsa ta tausasa fatar nan, na ƙasan kuma an toshe masa iska. Sai fenti ya yamutse, ya yi bororo, ya fara saluɓewa bayan jirgi ya koma ruwa. Magini ma ai ba ya ɗora sabon sahu a kan katangar ƙasa sai na jiya ya sha iska.

Shi ya sa a jikin gwangwanayen fentin mai da yawa ake rubuta a jira kamar awa 16, wato a bari ya kwana. Gwajin kuma da farce ake yi, ba da tafin yatsa ba. A nemi inda fenti ya taru, a mahaɗar katako ko a kan ƙusa, a danna farcen babban yatsa. In ya bar shaida, a ƙara haƙuri. Wanda ya sirka fentinsa da kananzir don ya yi auki, shi jiransa ya fi na kowa tsawo.

Da hunturu sanyin dare kan ja lokacin, ƙura kuma ta kwanta a kai, don haka sai an goge da ƙyalle mai tsabta kafin a sa burushi. A ƙarƙashin inuwa ya kamata a yi aikin, inda iska ke kaɗawa.

Jinkirin ma yana da iyaka. In shafin farko ya yi mako guda ya ƙeƙashe, yana santsi, na biyun ba zai kama shi da kyau ba, sai an bi shi da samfefa sama-sama har ƙyallin ya dushe.