Kare bodin mota daga tsatsa: A kai wa gwani ko a yi da kai?

A zamanin da fataken Kano da Katsina ke zuwa Gwanja sayen goro, babu abin da madugu ke sa wa ido kamar bayan jaki, domin da zarar akumari ya ci wa jaki baya, to kaya sun zama na kai. Kasuwar Salaga da ta tara waɗancan ayarori ta watse bayan yaƙin basasar 1892, jakuna kuma sun bar wa motoci hanya, amma matsalar tana nan inda take. Ɗan kasuwar da ke ɗaukar doya daga Salaga ko Yendi, ko albasa daga Bawku, ya san cewa sau da yawa inji na nan da ƙarfinsa bodi ke mutuwa.

Duk wanda ya leƙa tashar manyan motoci a waɗannan garuruwa uku zai ga abin da muke nufi. Akwai a-kori-kura da Kia da kuma babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, wanda a arewa ake kira Motor King, a kudu kuma Aboboyaa, da yawansu an shimfiɗa musu katako ko tsohon buhu a kan ramukan da tsatsa ta huda. Wannan ne ya sa wasu masu motoci suka fara komawa ga wani fenti mai kauri kamar roba da ake fesa wa cikin bodi. Tambayar da ke gaban mai mota ita ce, ya kai wa gwani ya biya kuɗi mai tsoka, ko kuwa ya sayo gwangwani ya yi da kansa ya rage kashe kuɗi?

Abin da ke cin bodi

Kafin a yi maganar magani, ya kamata a san ciwon. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun same shi tsirara. Fentin da mota ke zuwa da shi daga kamfani siriri ne, kwanaki kaɗan na jan buhu da jefa doya da sauke duro sun isa su kankare shi. Daga nan sai kayan da ake ɗauka su ƙarasa aikin. Gishiri shi ne babban abokin gaba, sai takin zamani, musamman salfa, wanda ke jan danshi daga iska ya manne a kusurwa. Fitsarin shanu da tumaki, ruwan ɗanyen kifin da ake ɗaukowa daga Makango a bakin tafkin Volta, da ruwan ruɓaɓɓiyar albasa, duk suna hanzarta tsatsa.

Wani abin da jama'a ba su cika lura da shi ba shi ne, katakon da ake shimfiɗawa don kare bodi shi kansa yakan zama sanadi. Idan damina ta kankama daga watan Mayu zuwa Oktoba, ruwa na shiga ƙarƙashin katakon ya kwanta, rana ba ta kai gare shi, iska ba ta busar da shi. Haka ma shimfiɗar roba. A sama ka ga komai lafiya, a ƙasa kuwa ƙarfe na ruɓewa, sai ranar da ƙafar ɗan dako ta zurma.

Daga ina fentin ya fito?

Wannan fenti dai ana haɗa shi ne daga sinadarai biyu, waɗanda idan suka gauraya sai su daskare su zama fata guda mai tauri da ɗan laushi, wadda ke manne wa ƙarfe ba tare da ta bar wa ruwa hanya ba. Kamfanin Rhino Linings, wanda aka kafa a birnin San Diego na Amurka a 1988, yana cikin waɗanda suka fara yaɗa shi, wanda ya kafa shi kuwa mutumin Afirka ta Kudu ne. Sai kamfanin LINE-X da ya biyo baya a 1993. Kada mai karatu ya rikita wannan suna da na motar Kia Rhino da muka sani a hanyoyinmu, babu abin da ya haɗa su sai suna. Daga baya wasu kamfanoni suka fito da nau'in da mutum zai iya yi a gida, kamar Raptor na kamfanin U-POL na Ingila, wanda ake fesawa, da Herculiner wanda ake shafawa da rola ko burushi.

A nan ya kamata a bambance abubuwa uku, domin da yawa ana sayar wa mutane ɗaya da sunan ɗaya. Na farko shi ne na injin zafi. Na biyu shi ne na gwangwani mai haɗi biyu. Na uku kuwa shi ne baƙin fentin nan mai kwalta da ake fesa wa ƙarƙashin mota. Wannan na ukun ba a yi shi don cikin bodi ba. Idan zafin Maris da Afrilu ya haura digiri 40, kamar yadda aka saba gani a Bawku, sai ya yi laushi, ya ɓata buhu, warinsa kuma ya kama gari ko gyaɗa ko ƙwarar kaɗe. Duk wanda aka ce za a yi wa aiki da arha ƙwarai, to ya nemi a nuna masa gwangwanin tukuna.

Aikin gwani

Aikin injin zafi shi ne mafi ƙarfi. Injin na dumama sinadaran biyu zuwa kimanin digiri 60 zuwa 70, ya tura su da ƙarfi su haɗu a bakin bindigar feshi, cikin 'yan daƙiƙoƙi su daskare a jikin ƙarfe. Kaurinsa kan kai milimita 3, a wasu ayyukan ma fiye da haka, kuma washegari mota na iya komawa bakin aiki. Irin wannan kauri ne ke iya jure jan duro da shebur da kofaton shanu.

Sai dai injin yana da tsada, yana bukatar wuta mai ƙarfi, ba abu ne da ake samu a kowane garejin bakin kasuwa ba. Mai motar da ke Salaga ko Yendi sai ya nufi babban gari, ya fara tambaya daga Tamale, in bai dace ba ya wuce Kumasi, inda unguwar Suame Magazine ta tara dubban makanikai da masu walda da masu fenti, ko kuma Accra. Kenan a kan kuɗin aiki sai a ɗora kuɗin mai da na kwana da na abinci. Dabarar da ta fi ita ce a haɗa tafiyar da lodi: a sauke doya ko albasa a Kumasi, a bar motar a yi mata aiki, sannan a ɗauko kayan dawowa.

Akwai kuma gwani na kusa, wato mai fentin mota da ke da kwamfuresa da bindigar feshi. Shi zai yi amfani ne da na gwangwani, amma yana da hannu, ya san haɗi, yana da giranda, kuma mai walda na kusa da shi. Ga yawancin masu motocin garuruwanmu, wannan shi ne gwanin da ake magana a kai. Abin da za a tambaye shi kafin a ba da kafin alƙalami shi ne: wane fenti zai sa, shafe nawa zai yi, zai kankare tsatsa har sai farin ƙarfe ya fito ko kuwa a kanta zai fesa, sannan idan ya ɓare cikin wata shida wa zai ɗauki asara? A nemi ya nuna motar da ya yi wa aiki bara, ba wadda ya gama jiya ba, domin ranar farko kowane fenti kyakkyawa ne.

Yi da kanka

Wanda ya zaɓi ya yi da kansa zai rage kuɗin hannu, wannan gaskiya ne. Kwalin Raptor na lita 4, alal misali, yana zuwa da kwalabe huɗu na fenti da lita ɗaya ta sinadarin daskarwa, ana haɗa kashi 3 na fenti da kashi 1 na sinadarin. Yakan rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafe ɗaya, wato ya ishi bodin Motor King ko ƙaramar a-kori-kura shafe biyu. Amma kaurin da ake samu bai kai rabin na injin zafi ba, saboda haka kada a sa ran zai yi ƙarkon wancan.

Feshin kansa ba ya ɗaukar awa biyu. Wahalar tana wurin shiri, kuma a nan ne mafi yawan masu yi da kansu ke faɗuwa. Dole a fara da walda, a toshe duk wani rami, domin idan aka zo yin walda bayan an fesa, fentin zai ƙone ya fitar da hayaƙi mai guba. Sai a wanke bodi da omo a cire gishiri da taki da baƙin mai, a bari ya bushe sarai. Sai a bi shi da samfefa mai kaushi lungu-lungu har ƙyallin tsohon fenti ya mutu, inda tsatsa take kuma a ci ta har ƙarfe. Duk inda ƙarfe ya fito tsirara sai an fara sa masa fentin ƙasa mai hana tsatsa wanda ya dace da na saman. A rufe fitilu da ƙusoshi da sakatun ƙofar baya da takarda, a kuma kula kada a toshe ramukan da ruwa ke fita.

Yanayinmu ma yana da nasa sharaɗi. Kamfanin ya ce bayan an haɗa kwalba akwai kimanin awa ɗaya kafin ta daskare, amma wannan lissafi na yanayin digiri 20 ne. A zafin Yendi lokacin ya fi haka gajarta nesa ba kusa ba, don haka kwalba ɗaya ake haɗawa a fesa ta ƙare kafin a buɗe ta gaba, kuma da sassafe, a inuwa. Da damina danshi na sa fentin ya yi ƙuraje, da hunturu kuma ƙura na sauka a kai kafin ya sha iska. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya sauko, wato wajen watan Nuwamba, amma kuma lokacin ne mota ta fi samun lodin amfanin gona.

Wannan ya kawo mu ga lissafin da ba a cika yi ba. Na gwangwani yana bukatar kwana 2 zuwa 3 kafin a ɗora masa kaya marasa nauyi, da kwana 5 zuwa 7 kafin ya ɗauki lodi sosai. Kasuwar Bawku kwana uku-uku take ci, kenan mako guda na zaman mota ya cinye kasuwa biyu, ban da zirga-zirgar Sinkase da Kulungugu da Pulmakom. A ƙasar Dagomba, inda kasuwanni da dama ke ci kwana shida-shida, asarar ba ta kai haka ba. Wanda ya kasa haƙuri ya loda doya a kwana na biyu, ya yi asarar fenti da wahala gaba ɗaya.

Maganar lafiya

Wani hanzari ba gudu ba, sinadarin daskarwar nan yana ɗauke da wani abu da ake kira isosayanet, wanda shaƙarsa ke haddasa cutar asma, wani lokaci ta zauna wa mutum har ƙarshen rayuwarsa. A 2003 wani ma'aikaci ya rasu a jihar Michigan ta Amurka bayan ya fesa irin wannan fenti a cikin wata mota, a 2006 kuma hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a ƙasar ta fitar da gargaɗi na musamman a kan wannan sana'a. Ɗaura rawani ko hankici a hanci ba ya tare shi, haka ma takunkumin takarda na ƙura. Masu sana'ar a ƙasashen da ake bin doka suna sa takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. Wanda ba shi da kayan kariya, gara ya zaɓi na shafawa da rola a fili inda iska ke kaɗawa, da safar hannu da tabarau, domin rola ba ta tayar da feshi kamar bindiga. Kada a yi a cikin gida ko zaure, kada a bar yara su tsaya kallo, kada kuma a tura yaron mota ya yi abin da maigida ke tsoron yi da kansa. Wanda ya kai wa mai fenti ma yana da hakkin ya tambaya ko yaran shagon na da abin rufe hanci na gaske.

To wanne za a zaɓa?

A ganinmu amsar tana ga irin motar da irin kayan da take ɗauka. Sabuwar a-kori-kura ko wadda bodinta ke da lafiya, wadda ke ɗaukar gishiri da taki da dabbobi da kifi, kuma mai ita na da niyyar riƙe ta shekaru ko ya sayar da daraja, ta cancanci aikin gwani, in da hali ma na injin zafi. Motor King da ke jigilar buhunan masara da albasa tsakanin ƙauye da kasuwa, bodinsa ƙarami ne, mai shi na iya yi da kansa a yini biyu idan ya bi ƙa'idar shiri ya kuma ba shi kwanakinsa. Babbar mota mai ɗaukar yashi da dutse da gawayi kuwa, fenti kowane iri ne ba zai jure ba, abin da take bukata shi ne farantin ƙarfe mai kauri daga mai walda, da fentin hana tsatsa a ƙarƙashinsa.

Bodin da tsatsa ta riga ta cinye kuwa, fenti ba ya mayar da shi sabo, ɓoye ciwon kawai yake yi. Wannan kuma gargaɗi ne ga masu sayen mota ta hannu: idan ka ga tsohuwar mota da sabon baƙin feshi a bodi, ka sunkuya ka duba ta ƙasa, ka ƙwanƙwasa da guduma ka ji ƙararta kafin ka ƙirga kuɗinka.

Ko an fesa ko ba a fesa ba, akwai abin da ba ya cin ko sidi ɗaya: a wanke bodi da ruwa duk ranar da aka sauke gishiri ko taki ko dabbobi, a ɗaga katako a bar ƙasa ta sha iska, a ajiye mota gabanta ya ɗan fi bayanta tudu don ruwa ya zube. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kuma kiyaye hanya.