Zamiya A Kan Dusar Ƙanƙara: Dandaɓe Ko Gari?

Dusar ƙanƙarar nan da kuke gani fara fat a finafinai, ana sulalowa daga kan tsauni kamar ba wuya, ba iri ɗaya ba ce. A Shamoni ta ƙasar Faransa, garin da aka fara wasannin Olimfik na hunturu a 1924, can na koyi wasan, kuma malamarmu ba ta bar mu mun taka komai ba sai dandaɓe.

Dandaɓen, wasu motoci ne masu ƙafar tankar yaƙi suke bin hanya da dare suna danne dusar, gari ya waye ta yi 'yan layuka kamar kunyoyin gona. Kowace hanya da launinta: kore ta 'yan koyo, sai shuɗi, sai ja, baƙa kuwa ta gwanaye ce. A nan gefen katakonki yake kama ƙasa, ki haɗa kawunan katakan biyu ki ware bayansu, kin sami birki. Sai dai faɗuwa a kansa, wallahi kamar a daɓen siminti.

Gari kuwa sabuwar dusa ce da ba a taɓa ba, laushi kamar garin fulawa, wani wuri har gwiwa. Abin da kika koya a dandaɓe rabinsa ba ya aiki a nan. Babu abin da gefen katako zai kama, sai ki matso da ƙafafunki kusa, ki raba nauyinki daidai, ki yarda da ɗan gudu, don mai tafiya a tsorace nutsewa take yi. Faɗuwar ba zafi, tashin ne aiki, kina dafawa hannu na shigewa. Mai allo guda ta fi mu morewa a gari, faɗinsa ke ɗaga ta. Allon nan ma don 'ya'ya mata aka fara shi: a 1965 Sherman Poppen na Mishigan a Amurka ya haɗa katakai biyu don 'ya'yansa, a 1998 wasan ya shiga Olimfik a Nagano ta Japan. Amma kwanakin farko a kansa sai tsintsiyar hannu da mazaunai sun gaya miki.

Ni dai garin ya fi mini daɗi, ba na ɓoyewa. To amma yawancinsa yana bayan sandunan iyaka, inda dusa ke zaftarowa ta binne mutum, kuma wanda ya wuce kamar minti 15 a binne, samunsa da rai sai ikon Allah. Masu fita can da jagora suke tafiya, da shebur, da sandar lalube, da na'urar da ke nuna inda mutum yake. Idan ƙawa ko wani mai daɗin baki ya ce, "Haba ke kuwa, biyo ni mana, ba komai," ki fara tambayarsa ina sheburinsa.