Tokin riƙon amana: Wa zai riƙe wa mai zuba jari tasa amanar?

Ranar wata Laraba muna zaune a gindin darbejiya muna jiran laccar ƙarfe biyu, sai wani abokina ɗan ajinmu ya miƙo min wayarsa. "Mutumina, duba nan. Wallahi wannan ba irin su Hamster ba ne, aiki ne na gaske."

Shafin wani sabon kamfani ne da ke cewa zai gina manhajar riƙe kuɗin ciniki a intanet. Mai saye zai tura kuɗi, manhajar ta riƙe, sai kaya sun isa hannunsa sannan a sakar wa mai sayarwa. Don su samu kuɗin aikin, sun buɗe sayar da nasu kuɗin kirifto, wato tokin, a farashin farko kafin ya shiga kasuwa. Dala 200,000 kacal suke nema. A saman shafin ga agogo yana ta ƙirga kwanakin da suka rage.

Abokin nawa ya riga ya yanke shawara. Naira 20,000 ɗin da asusun NELFUND ke ba ɗalibai rance duk wata don ɗawainiyar makaranta, ita zai zuba. "In ya ninka sau ɗari, miliyan biyu ke nan. Ka ga an wuce wajen." Na ce ya ba ni mako ɗaya in karanta takardarsu kafin in ce uffan. Abin da na gano a makon nan shi ne nake son mu tattauna a filinmu na yau.

Ciwon da suke magana a kai gaskiya ne

Gaskiya ɗaya ce, matsalar da suka ɗauko tana nan. Yayata tana sayar da atamfa da leshi a WhatsApp da Instagram, tana saro su daga Kantin Kwari a Kano. Kusan kullum sai an yi wannan ja-in-ja: kwastoma ta ce sai ta ga kaya za ta biya, Yaya ta ce sai ta ga alat za ta kai kaya tasha. Kowa da hujjarsa. Mai saye ta taɓa tura kuɗi aka toshe lambarta, ko ta yi odar abu aka kawo mata wani daban. Mai sayarwa kuma an taɓa yi mata alat na bogi.

Maganin wannan shi ne mutum na uku da kowa ya yarda da shi, abin da Turawa ke kira eskuro. Mu ma ba baƙonmu ba ne. A kasuwar kara ko cinikin fili, akan damƙa kuɗi a hannun dillali ko wani dattijo har sai an kammala magana. A intanet ma an daɗe ana yi. Kamfanin Escrow.com na Amurka tun 1999 yake wannan sana'a. A China, Alipay ya faro ne a 2003 a matsayin mai riƙe kuɗin masu ciniki a kasuwar Taobao. Duk wanda ya taɓa sayen USDT a hannun wani mutum ta Binance, kafin su daina hulɗa da naira a watan Maris na 2024, ya ga tsarin da idonsa: ana kulle kuɗin mai sayarwa har sai ya tabbatar naira ta shiga asusunsa.

To amma lura da abu ɗaya. Escrow.com da Alipay ba su ce sai ka sayi wani sabon kuɗi nasu kafin su riƙe maka amana ba. Da dala da yuwan suke aiki, suna cire ɗan ladansu. Daga nan tambayata ta farko ta taso: in aikin yana yiwuwa ba tare da tokin ba, mene ne amfanin tokin?

Me kake saya a zahiri?

Da yawanmu in muka ji "zuba jari" sai mu ɗauka mun zama masu kamfani. Wanda ya sayi hannun jarin Dangote Cement ko MTN a kasuwar hannayen jari ta Najeriya yana da wani ɗan yanki na kamfanin, ana ba shi rabonsa in an raba riba, yana da ƙuri'a a taron shekara. Tokin da abokina yake shirin saya ba haka yake ba. A can ƙasan takardarsu, da ƙananan haruffa, sun rubuta cewa tokin ba hannun jari ba ne, ba ya ba ka haƙƙi a kan ribar kamfani, kuma in ka saya ba a mayar da kuɗi. Amfaninsa kawai, in manhajar ta fito, za a biya kuɗin aiki da shi a samu rangwame.

Ma'ana tikitin shiga motar da ba a ƙera ba tukuna kake saya, da fatan gobe wani zai saye shi a hannunka da tsada.

Sai na zauna na yi lissafi da alƙaluman da su da kansu suka bayar. Tokin biliyan ɗaya suka ƙirƙira. Kashi 10 cikin 100 suke sayarwa, wato miliyan 100, a kan tokin 500 duk dala ɗaya. A wannan farashin, sun yi wa aikin nasu ƙimar dala miliyan biyu alhali ko manhajar gwaji babu. Kafin kuɗin abokina ya ninka sau ɗari kuwa, sai ƙimar ta kai dala miliyan 200. Ladan da suka ce za su riƙa cira kashi ɗaya ne cikin 100 na kowane ciniki. Ke nan kafin su samu dala 200,000 a shekara, sai cinikin dala miliyan 20 ya bi ta hannunsu. Atamfa nawa ke nan?

Sannan kashi 30 na tokin na masu kamfanin ne, kyauta, ninki uku na abin da duk masu saye za su samu. Ban ga inda suka ce za a kulle nasu kason na wani lokaci ba. In ranar da aka buɗe kasuwa suka juye nasu, farashi zai faɗi warwas, kai kuma kana riƙe da lambobi a waya.

Abin da Yaya ta ce

Da na je gida ƙarshen mako na yi wa Yaya bayani, don ita ce irin kwastomar da suke nema. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "To tsaya. In na sayar da leshi dubu 45, kuɗin ya kwana huɗu a kulle kafin mota ta isa Fatakwal, nawa za a ba ni?"

Na ce in da tokin aka biya, ya danganta da farashinsa a ranar. In ya sauka da kashi 20, dubu 36 za ta karɓa.

Ta ce, "Ribata gaba ɗaya ba ta kai dubu tara ba. Ka ce musu na gode."

Wannan magana tata ta fi duk abin da na karanta. Ɗan kasuwa kuɗin da ba ya rawa yake so, naira ko aƙalla USDT da ke bin dala. In kuwa manhajar ta koma karɓar naira don ta samu kwastomomi, to buƙatar tokin ta ragu, wanda ya saye shi kuma shi ke da asara. Aikin zai iya cin nasara, tokin ya mutu.

Akwai kuma wani gibin. Suna alfahari da cewa babu hannun mutum a ciki, wai yarjejeniya ce mai sarrafa kanta a kan bulokcen, irin wadda Ethereum ya shigo da ita a 2015. Haka ne, irin wannan yarjejeniya tana iya kulle kuɗi ta kuma sake shi. Amma ba ta da ido. Ba ta san ko direba ya sauke kaya a tasha ba, ba ta san ko shaddar da aka aiko ta gaske ce ko jabu ba. In mai saye ya ce "ba abin da na yi oda ba ne", mai sayarwa ya ce "shi ne", dole mutum ne zai raba gardama. Wane ne shi? Wa ke biyansa? In ya yi son kai, ina za a kai ƙara? Layi biyu kawai takardar ta yi a kan wannan, alhali nan ne ainihin aikin yake.

An taɓa yin wannan fim ɗin

Lokacin da ake zazzaɓin sayar da sababbin tokin a 2017, yawancinmu muna sakandare. A shekarar, wani kamfani mai suna Monetha da 'yan ƙasar Lituwaniya suka kafa ya tara kusan dala miliyan 37 cikin minti 18, da alƙawarin gina hanyar biyan kuɗi mai nuna amincin mai sayarwa. Utrust ma ya tara dala miliyan 21 a kan alƙawarin kare mai saye irin yadda PayPal ke yi. Utrust ya fitar da manhaja, kuma a Janairun 2022 kamfanin Elrond na Romaniya ya saye shi. Tokin Monetha kuwa ya zubar da fiye da kashi 90 na farashin da ya kai a farkon 2018. Waɗannan masu miliyoyin daloli ne da fuskokinsu a fili, amma ba su ture PayPal ba. Ina ga mai dala 200,000?

Abin ya yi ƙamari har China ta haramta irin wannan tara kuɗi a Satumban 2017. A Mayun 2018 kuma hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta buɗe shafin bogi na wani tokin da ta raɗa wa suna HoweyCoins, da agogon ƙirga lokaci da alƙawarin riba da komai. Duk wanda ya danna wajen saye sai ya tsinci kansa a shafin gargaɗi. Da na tuna agogon da ke saman shafin da abokina ya nuna min, sai da na yi dariya.

Mu ma nan gida mun ga namu. MMM ta rufe asusun mutane a Disamban 2016. CBEX ta durƙushe a Afrilun 2025, mutane suka yi ta kuka a bidiyo. Ba ina cewa kowane tokin irinsu ba ne. Abin da ya haɗa su shi ne gaggawa, da "kawo mutum uku a ƙara maka", da rashin wanda za ka riƙe in abu ya lalace.

Ina doka ta tsaya?

A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto, ya kuma janye hanin a Disamban 2023. A Agustan 2024 hukumar SEC ta ba kamfanonin Busha da Quidax amincewar farko. A Maris na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da hannayen jari, wadda ta sa kadarorin dijital a ƙarƙashin kulawar SEC, ta kuma tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu tsarin damfara irin na Ponzi.

Amfanin wannan gare ka shi ne akwai inda za ka duba. SEC tana da jerin waɗanda ta yi wa rajista a shafinta. Kuma takardar CAC da ake yawan liƙawa a guruf shaidar rajistar kamfani ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce.

Tambayar da na yi musu

Na shiga guruf ɗinsu na Telegram na rubuta tambaya ɗaya cikin ladabi. Na ce tunda sana'arku riƙon amana ce, kuɗin da muke turowa a hannun wa yake? Akwai wani na uku da zai riƙe, ya riƙa sakar muku kaɗan-kaɗan in kun cika kowane mataki, ya dawo mana da saura in kun gaza?

Wani admin ya amsa, shi ma cikin ladabi, cewa kuɗin yana shiga lalitar kamfani kai tsaye, kuma "sai da yarda ake tafiya". Wasu 'yan guruf suka ce ina kashe wa mutane gwiwa.

Nan na tsaya. Mutanen da suka ce kada Yaya ta yarda da kwastomar da ba ta sani ba sai da mai shiga tsakani, su ne suke so in tura musu kuɗi ba tare da mai shiga tsakani ba, ga shi ban san fuskarsu ba, ban san ofishinsu ba, kuma kuɗin kirifto in ya tafi babu bankin da zai dawo da shi. Cinikin biri a sama ke nan, a hannun masu cewa sun zo kashe cinikin biri a sama.

Don haka in irin wannan tayi ya zo maka, kafin ka taɓa lalitarka ka nemi amsar abubuwa biyar. Su wane ne, kuma za ka iya tabbatar da su a wajen shafinsu? Akwai manhajar da za ka gwada yau? Me zai hana aikin tafiya in babu tokin? Kaso nawa suka ware wa kansu, kuma har yaushe aka kulle shi? Wa ke riƙe da kuɗin da aka tara? In amsa ta gagara a biyu daga ciki, ka riƙe abinka. In kuma duk da haka zuciyarka ta nace, to kada ya zama kuɗin rajista, ko na abinci, ko na bashi. Kuɗin NELFUND ma kada mu manta rance ne, biya za a yi.

Na kai wa abokina duk wannan bayani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Na ji, amma haka aka ce da Bitcoin." Dubu biyar ya saka maimakon ashirin. Ni ban saka ko sisi ba. Har yanzu agogon yana ƙirgawa, kuma kullum da safe sai ya duba. In ya ci riba zan taya shi murna, har ya saya min shayi da ƙwai.

Yaya kuwa tana nan da tsarinta. Akwai wani direba a tasha da suka shekara uku suna hulɗa. Shi ke kai kaya, kwastoma ta buɗe a gabansa ta duba, ta yi taransifa, Yaya ta ga kuɗi a asusunta ta kira shi ta ce, "Malam, a ba ta." In kaya ba su yi ba, ya dawo da su a sawu na gaba.