Gwajin Ƙasa, Dutse da Kwalta Kafin a Shimfiɗa Titi

Titin kwalta gini ne mai hawa-hawa, kuma baƙin da ido ke gani a sama shi ne mafi ƙarancin kauri a cikinsu. A manyan hanyoyin Nijeriya, ƙarƙashin baƙin nan akwai fasasshen dutse mai kaurin santimita 15 zuwa 20, ƙarƙashinsa akwai marmara mai kusan wannan kaurin, sannan ƙasar wurin da aka share aka danne. Ita kanta kwaltar galibi shimfiɗa biyu ce, ta ƙasa kamar santimita 6, ta sama kamar santimita 4. Titunan cikin unguwa, irin na Hayin Banki da Unguwar Dosa da Badarawa a Kaduna, ba sa bukatar duk wannan kaurin, domin nauyin da suke ɗauka bai kama ƙafar na hanyar Zariya da Kano ba.

Tun da gwamnatin Jihar Kaduna ta fara shirin sabunta birane a 2019, har aka sake gina gadar Kawo aka buɗe ta a Janairun 2022, zancen ingancin titi ya zama abin hira a majalisu da tashoshin mota. Da zarar titi ya fara ramuka, hukuncin da aka fi yankewa ɗaya ne: ɗan kwangila ya yi rowar kwalta. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma a ilmin gina hanya, rowar kwalta ɗaya ce kawai daga cikin abubuwan da ke kashe titi, kuma yawanta ma yana kashe shi. Ana rarrabe su ne ta gwaje-gwajen da ake yi tun daga ƙasa har zuwa sama.

Ƙasa da marmara

Aiki na farko shi ne sanin halin ƙasar da za a hau. Ana haƙa ramuka a kan layin hanyar, a ɗebi ƙasa a buhu a kai ɗakin gwaji. Can a tankaɗe ta a jerin rariya, daga mai manyan ƙofofi zuwa mai ƙanana, don a san yawan tsakuwa da yashi da laka a cikinta. Lakar ce abin tsoro, saboda tana kumbura da damina ta tsattsage da rani. Ana gane ƙarfin lakar ta hanya mai sauƙi: ma'aikaci ya kwaɓa ƙasar, ya riƙa murza ta da tafin hannu a kan gilashi har ta zama zare mai kaurin milimita 3. Ruwan da ke cikinta a lokacin da zaren ya fara kakkaryewa shi ake aunawa. Ƙasar da ke yin dogon zare ba ta karye ba, ko da ruwan ya ragu, laka ta yi mata yawa, kuma sai an kwashe ta ko an gauraya ta da siminti.

Sai gwajin dannewa, wanda injiniya Ralph Proctor ya fito da shi a Amurka a 1933. Ya nuna cewa kowace ƙasa tana da adadin ruwan da take dannuwa da shi sosai. Idan ta bushe, ƙwayoyinta ba sa shiga juna. Idan ta jiƙe sharkaf, ruwa ya cike gurbin da ƙasa za ta shiga. Shi ya sa ake ganin tankar ruwa tana gaba, rola tana biye. Yayyafin nan awo ne, akwai adadinsa a takarda.

Gwaji na uku shi ne wanda injiniyoyi ke kira CBR, daga ma'aikatar hanyoyin Kalifoniya ya samo asali. Ana danne ƙasar a cikin wani gwangwanin ƙarfe, a jiƙa ta a ruwa, galibi kwana huɗu, sannan a tura mata ƙarfe mai faɗin santimita 5 a ga ƙarfin da ya ɗauka kafin ya nutse milimita 2.5. Ana kwatanta sakamakon da na fasasshen dutse mai kyau, wanda aka ba shi maki 100. Marmarar da za a sa a shimfiɗar ƙasa akan nemi ta kai 30, abin da zai zauna daf da kwalta kuwa 80. Hikimar jiƙawar ita ce marmarar Kaduna da rani kamar dutse take, amma garin yana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa daga Yuli zuwa Satumba. Halin ƙasa a watan Agusta shi ake nema.

Dutse

Kusan kashi 95 cikin 100 na nauyin haɗin kwalta dutse ne da yashi da garin dutse. Su ke ɗaukar nauyin mota, kwalta riƙe su kawai take yi. Yankin Kaduna ya dace ta nan, domin yana zaune a kan tsohon dutse mai tauri wanda ake fasawa a wurare da dama a gefen gari. Duk da haka ba kowane lodin tifa ake karɓa ba. Ana zuba dutsen a wata gangar ƙarfe tare da ƙwallayen ƙarfe, a juya ta sau 500, sannan a auna abin da ya niƙe. Ana kiran wannan gwajin Los Angeles, kuma ƙa'idoji da yawa ba sa yarda abin da ya niƙe ya wuce kashi 30 zuwa 40. Ana kuma duba siffa: dutse mai kusurwa yana cije ɗan'uwansa, mai faɗi kamar ɓawo yana karyewa a ƙarƙashin rola, tsakuwar rafi mai santsi kuwa zamewa take yi. Dutsen da ƙura ta lulluɓe shi ma matsala ne, don kwalta za ta manne wa ƙurar ta bar dutsen, ruwa na zuwa ya saɓule ta.

Kwalta

Kwaltar titi ita ce ragowar ɗanyen mai bayan an tace fetur da kananzir da gas. Matatar man Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an yi mata sashen da ke fitar da kwalta daga ɗanyen mai mai nauyi da ake shigowa da shi daga waje, amma ta daɗe ba ta aiki yadda ya kamata. Akwai kuma kwaltar ƙarƙashin ƙasa a Agbabu ta Jihar Ondo da maƙwabtan jihohi, wadda aka sani fiye da shekara ɗari ba a ci moriyarta sosai ba. Saboda haka yawancin wadda ake shimfiɗawa daga waje take zuwa, da kuɗin waje, kuma ita ce mafi tsada a cikin kayan haɗin. Wannan tsadar ce ke sa a gwada ta kafin a karɓa.

Ana ɗora wa samfurin allura mai nauyin giram 100 na daƙiƙa 5, a zafin digiri 25 na ma'aunin Salshiyas. Kwaltar da aka fi amfani da ita a Nijeriya ita ce mai lamba 60/70, ma'ana allurar ta nutse milimita 6 zuwa 7. Idan ta zarce haka, kwaltar ta yi laushi ga ƙasa mai zafi, ko kuma an tsinka ta da wani mai. Ana kuma auna zafin da take fara saki, wanda ga wannan nau'in yake kusan digiri 50.

Tsara haɗin

Nan ne ake amsa tambayar rowa. Hanyar da aka fi bi a Nijeriya ita ce ta Bruce Marshall, injiniyan ma'aikatar hanyoyin Jihar Misisifi, wanda ya ƙirƙiro ta wajen 1939, sojojin Amurka suka inganta ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don gina filayen jirgin sama. Ana fara daidaita dutsen, manya da matsakaita da ƙanana da gari, yadda ƙananan za su cike tsakanin manyan. Sai a yi haɗi kamar kala biyar, dutse iri ɗaya amma kwalta ta bambanta: kashi 4.5, kashi 5, kashi 5.5, haka har gaba. Kowane haɗi, mai nauyin kusan giram 1,200, ana zuba shi da zafinsa a zoben ƙarfe mai faɗin santimita 10, a buga masa guduma mai kilo 4.5 sau 75 a kowace fuska idan hanyar manyan motoci ce. Abin da ke fitowa dunƙule ne baƙi mai tsayin santimita 6 da ɗoriya.

Ana tsoma dunƙulen a ruwa mai zafin digiri 60 na rabin awa, domin irin zafin da fuskar titi ke iya kaiwa ke nan da tsakar rana a watan Maris da Afirilu. Sannan a matse shi a inji har ya gaza, a rubuta ƙarfin da ya jure da kuma yadda ya lanƙwasa kafin ya gaza. Ana kuma lissafa iskar da ta rage a cikinsa. Daga nan sai a zana sakamakon a ga inda ya fi dacewa, kuma galibi yakan faɗo tsakanin kashi 5 da 6.

Masu yin kantun riɗi sun san wannan lissafin. Idan sukari ya yi kaɗan, kantu ya wargaje a hannu. Idan ya yi yawa, rana na dukansa ya narke ya lanƙwashe. Haɗin da kwalta ta yi wa kaɗan, tsakuwarsa tana zubewa, ruwa ya shiga, rami ya buɗe. Wanda ta yi wa yawa kuwa, duwatsun ba sa taɓa juna, iyo suke yi a cikinta. Da zafi ya zo sai ta tsattsafo sama tana ƙyalli, tayoyi su yi kwari biyu a kan titin, gefe ya taso kamar kunya. An fi ganin haka a inda manyan motoci ke taka birki ko tafiya a hankali, wato mahaɗar hanya, bakin tasha da gaban tudun rage gudu. Irin wannan titin da damina santsi gare shi, kuma masu babur da Keke Napep ne suka fi shan wahalarsa. Titin da ya fi baƙi da sheƙi ranar buɗewa yana iya zama wanda zai riga lalacewa.

Don haka ake barin iska kashi 3 zuwa 5 a shimfiɗar sama, domin kwalta ta sami inda za ta buɗa idan ta yi zafi. A Amurka an koma wata sabuwar hanya mai suna Superpave tun shekarun 1990, wadda ke zaɓen kwalta gwargwadon yanayin kowane yanki, amma manufar ba ta sauya ba.

A wurin aiki

Kyakkyawan haɗi a takarda yana iya lalacewa a hanya. Yana barin injin haɗawa da zafin kusan digiri 150 zuwa 160, kuma dole rola ta gama danne shi kafin ya sauka ƙasa da kamar digiri 80 zuwa 90. Tifar da ta yi jinkiri a cunkoso ba tamfol, ko aikin da aka yi a kan jiƙaƙƙen dutse don a cim ma ranar biki, ya riga ya rage wa titin shekaru. Kafin a zuba kwalta ma, mai gwaji yakan haƙa ɗan rami a cikin dannanniyar marmara, ya auna abin da ya fito, ya cike ramin da yashin da aka san nauyinsa, ya gane ko rola ta yi aikinta. Bayan an gama kuma ana yanko dunƙule daga jikin titin da inji mai huda, a auna kauri, a wanke kwaltar da sinadari a ga ko adadin da aka biya kuɗinsa ne aka zuba.

Tun 2023 Ministan Ayyuka David Umahi yake tura manyan hanyoyin tarayya zuwa kankare, kuma akwai misalin titin kankare a hanyar Obajana zuwa Kabba a Jihar Kogi. Kankare yana jure nauyi da zubar mai fiye da kwalta, amma shi ma sai an gwada: ana zuba shi a akwatin santimita 15, a fasa dunƙulen a inji bayan kwana 7 da kwana 28. Idan ƙasar da ke ƙarƙashinsa ba ta dannu ba, ruwa ya kwashe ta, falalen ya tsage, gyaransa kuma ya fi na kwalta wuya.

Nauyi da ruwa

Ana tsara titi ne bisa yawan nauyin da zai bi ta kansa cikin shekarun da aka ɗiba masa. Babban gwajin da aka yi a Jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya ya ninka biyu, ɓarnarsa takan ninka kusan 16. Ma'aunin da ake lissafi da shi kusan tan 8 ne. Tirelar da ta ɗora tan 12 a kan layi ɗaya tana ɓarna kusan ninki biyar, kuma wucewar babbar mota ɗaya ta fi ta ƙananan motoci dubbai. Kawo ƙofa ce ta hanyar Zariya da Kano. Duk lokacin da cunkoso ya sa motar siminti ko tifar yashi ta ratsa cikin unguwa, tana hawa titin da ba don ita aka yi shi ba. Ba tare da ma'aunin nauyi mai aiki a manyan hanyoyi ba, lissafin injiniya ya zama zato.

Ruwa shi ne ɗaya abokin gabar. Ana ɗan karkata fuskar titi don ruwa ya gangara kwata, kwata ta kai shi kwalbati. Idan leda da shara suka toshe kwatar, ruwan ya kwanta a gefe, ya tsuma marmarar, ƙarfinta ya faɗi, kwaltar sama ta tsattsage kamar fatar kada. Baƙin mai da gas ɗin da ke zuba a inda ake gyaran mota a bakin titi suna narkar da kwalta, domin asalinsu ɗaya. Ƙona taya a kanta yana gasa ta, haƙa ta don jan bututun ruwa ba tare da an danne an rufe ba yana buɗe wa damina ƙofa.

Kowane gwajin da aka ambata yana barin takarda mai kwanan wata da sa hannun injiniya, kuma hukumomin hanyoyi irin su KADRA a jiha da FERMA da Ma'aikatar Ayyuka a tarayya su ne ke da hurumin neman ta. Allon da ake kafawa a bakin aiki yakan nuna sunan ɗan kwangila da hukumar da ta ba da aikin, ba safai yake nuna kaurin kowace shimfiɗa ko sakamakon gwaji ba. Da za a riƙa bayyana su, ƙungiyar unguwa za ta iya rarrabe titin da aka ha'inta tun wajen gini da wanda lodi da toshewar kwata suka kashe, ta kuma san ƙofar da za ta kai kokenta.