Tukunya Ɗaya, Akushi Da Yawa: Yadda Ake Karanta Lambobin Linux

Duk wanda ya taɓa ɓare gyaɗa ya san abin da ake nema yana can ciki. Haka wayar Android da ke aljihunka take. Hotuna da launuka da kake shafawa da yatsa ɓawo ne, ƙwayar kuwa ita ce abin da ake kira kanel, kuma sunan wannan ƙwayar Linux. Aikinta irin na sarkin kasuwa ne: ita ke ba kowace manhaja rumfarta, ta tsara wa zai yi magana da kyamara, wa zai jira, ta raba faɗa idan biyu suka kama abu ɗaya. Ba ka ganinta, amma ranar da ta kwanta ciwo, kasuwa ta tashi.

Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya ɗora wannan tukunya a 1991, ya kuma bar murfinta a buɗe, kowa ya leƙa, wanda ya iya girki ya sa hannu. Har yau tana kan wuta. Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne lambobin da ake liƙa mata, irin su 5.15 da 6.1 da 6.12, sai mutum ya ɗauka mai lamba babba ta fi, kamar dai buhu da mudu.

To, bari mu fara da lambar farko, don ita ta fi yaudara. Ka taɓa ganin malamin ƙidaya a kasuwar Dawanau yana jan layi da alli duk buhun da aka sauke? Idan allon ya cika sai ya goge ya sake sabon lale, amma masarar dai ita ce. Haka Torvalds yake yi. Da lamba ta biyu ta doshi ashirin, iya yatsun hannu da na ƙafa, sai ya juya ta farko. Daga 3.19 aka shiga 4.0 a 2015, daga 4.20 aka shiga 5.0 a 2019, daga 5.19 aka shiga 6.0 a 2022. Ba wani juyin mulki da aka yi a ranakun nan, allo ne ya cika. Don haka lambobi biyun farko a haɗe ake karanta su, su ne sunan girkin. Ta ukun, kamar 55 ɗin da ke cikin 6.1.55, ita ke gaya maka sau nawa aka gyara wa wannan girkin zama bayan an sauke shi.

Shi girkin kansa yana da ƙa'ida kamar abincin biki. Mako biyu ake buɗe ƙofa ana karɓar cefane. Masu kula da ɓangarori, wannan na sauti, wancan na intanet, su kawo abin da suka tara, wanda mutane kusan dubu biyu daga ko'ina a duniya suka sa wa hannu. Da mako biyun ya cika sai a rufe, ko kabewarka ta fi ta kowa zaƙi sai dai ta jira girki na gaba. Daga nan sai ɗanɗano. Kowane mako, yawanci ranar Lahadi, Torvalds ya ɗebo a ludayi ya miƙa wa masu gwaji, ana kiran wannan rc1, rc2, har zuwa na bakwai, wani lokaci na takwas idan gishiri bai ji ba. Cikin mako tara zuwa goma an sauke, nan take kuma a sake hura wuta. Wannan ita ce babbar tukunya, ita ce gindin bishiya.

Amma wanda aka zuba wa a akushi fa, wa zai cire masa tsakuwa idan ya ci karo da ita? Nan rassa suka shigo. Greg Kroah-Hartman da Sasha Levin su ke riƙe da reshen da ake kira tsayayye. Ba sa ƙara sabon kayan miya, gyara kawai suke yi, su toshe ɓaraka, su rufe kafar da ɓarawo zai bi. Suna da doka guda wadda duk mai noman rani zai gane: ruwa daga babbar hanya yake gangarowa cikin ƙananan fangali, ba ya hawa sama. Sai gyara ya shiga babbar tukunya tukuna kafin a ɗebo shi a kai wa reshe, don kada a gyara tsoho a bar sabo da ciwon.

Rassan nan kuma iri biyu ne. Yawancinsu ɗanyen tumatir ne, wata biyu zuwa uku ake lura da su, da sabo ya fito sai a sallame su. Amma kowace shekara akan ware guda, galibi na ƙarshen shekara, a ce wannan na dogon zango ne, a shanya shi kamar kauɗa, a kai rumbu. Irinsu ne 5.10 da 5.15 da 6.1 da 6.6 da 6.12. Na ɗan lokaci dokin sukuwa ne, ga gudu ga ado, mai sabuwar kwamfuta zai so shi don ya san sababbin kayan ƙarfe. Na dogon zango jaki ne, ya san hanyar gida, ya ɗauki kayan banki da na kamfanin waya ba tare da tutsu ba. A da wasu kan kai shekara shida ana kiwonsu. A 2023 aka ce za a mayar da wa'adin shekara biyu, saboda garken ya yi wa makiyaya yawa, ko da yake akan ƙara wa reshe kwana idan masu amfani da shi suka kawo gudummawa.

Sai masu tuwo-tuwo, wato masu haɗa cikakken tsarin da kake sa wa kwamfuta. Kowa ya sayo hatsi a kasuwa ɗaya, amma kowa da hannunsa. Fedora da Arch suna bin sabon yayi. Debian 12 ta ɗauki 6.1 ta zauna a kai, Ubuntu 22.04 ta fito da 5.15. Kamfanin Red Hat kuwa ya riƙe 3.10 a fitowarsa ta 7 tun 2014 har 2024, yana ɗebo gyare-gyare daga sababbi yana ɗinka su a jikin tsoho. Wanda ya kalli lambar kawai zai ce kango ne, alhali gidan ƙasa ne da ake yi wa yaɓe duk bayan damina. Ga kuma wani mai taƙama da lamba sabuwa, bai san an sallami reshensa tun watanni ba, yana kwana a ɗakin siminti marar ƙyaure.

Idan kana son sanin naka, rubuta uname -r a kwamfutar Linux, a waya kuma duba wajen bayanin waya a cikin saiti. Da ka ga lambar, tambayar da za ka yi ita ce ko har yanzu akwai mai kula da wannan reshe. Rijiyar da kakanni suka haƙa, muddin ana yashe ta, ta fi sabuwar da aka bari shara na faɗawa. Saboda haka duk lokacin da sabuntawa ta ƙwanƙwasa maka, ka buɗe mata ƙofa, in kuma an daina aiko maka da ita, ka fara shirin ƙaura zuwa reshen da ake ba ruwa.