Aikin Kwamfutar Da Ya Gagari 'Yan Kwangila A Amurka

A cikin shekarar 2005 hukumar 'yan sandan ciki ta Amurka, watau FBI, ta yi watsi da wata manhajar kwamfuta bayan ta kashe mata dala miliyan 170, ba tare da an yi aiki da ita ba. Manhaja dai ita ce jerin umurnin da ake rubuta wa kwamfuta domin ta gudanar da wani aiki, kuma abin da hukumar ke bukata shi ne ta tattara fayilolin bincikenta a wuri guda, ta huta da tarin takardu.

A shekarar 2006 aka sake ɗaura ɗamara. Aka ba kamfanin Lockheed Martin kwangilar wata sabuwa mai suna Sentinel, aka ware dala miliyan 425 a kan za a gama a ƙarshen 2009. A cikin shekarar 2010 an riga an kashe fiye da miliyan 400, amma aikin bai wuce rabi ba.

Shin me ya hana? Ba wai ma'aikatan ba su san aikinsu ba ne. Babban cikas yana cikin tsarin da aka bi, wanda ya yi kama da na ginin gada: a zauna a rubuta dukan bukatu tun farko, a zana taswira, a gina, sa'an nan a gwada a ƙarshe. Tun ran gini ran zane, in ji masu iya magana, kuma a aikin siminti haka ɗin ne. Amma fa ɗan sandan da zai yi amfani da manhaja bai san ainihin abin da yake so ba sai ya zauna gabanta ya taɓa. Idan kuwa sai bayan shekara uku zai gan ta, to, kuskuren da aka yi a watan farko ya riga ya yi jijiya, gyaransa ya zama rushe gini.

A watan Satumba na 2010 hukumar ta karɓe ragamar aikin, ta damƙa shi ga shugaban sashenta na kwamfuta, Chad Fulgham. Aka rage ma'aikata daga ɗaruruwa zuwa 'yan gommai, aka tara su a ɗakin ƙasa na hedkwatar hukumar da ke Washington. Sai aka yanyanka aikin gida 670, ko wane gida yana bayyana bukata guda ta mai amfani da manhajar. Ko wane mako biyu ma'aikatan su ɗauki abin da za su iya gamawa, ranar ƙarshe kuma su kunna shi a gaban jami'ai kowa ya gani da idonsa. Abin da bai ci gwaji ba, ba a lissafa shi cikin wanda aka gama, ko da kuwa saura ƙiris.

Wannan tsari na bi-kaɗan-kaɗan, wanda Turawa ke kira Ajayil, ya sami sunansa ne a watan Fabrairu na 2001, lokacin da masana 17 suka taru a Snowbird cikin jihar Utah, suka fifita manhaja mai aiki a kan tulin rahotanni, suka kuma fifita karɓar canji a kan nacewa bisa shirin farko.

Faɗarsa da sauƙi, yinsa da wuya. Dole mai aikin ya ba da mutum mai ikon yanke shawara wanda zai zauna da ma'aikata kullum, ba shugaban da sai an yi wata ana neman ganinsa ba. Dole kuma manya su jure jin labari maras daɗi sau biyu a wata. A ganina nan ne ma'aikatu da yawa ke faɗuwa, har da namu na gida: ana canza wa tarurruka suna, ana manna 'yan takardu a bango, alhali kwangilar na nan yadda aka saba rubuta ta hanyar mota, da farashi da ranar gamawa duk a ƙulle tun ba a fara ba.

Ita kanta Sentinel ba ta tafi sumul ba. An yi niyyar gamawa cikin shekara guda, sai wani babban gwaji da aka yi a watan Oktoba na 2011 ya nuna cewa tsofaffin injunan hukumar ba za su iya ɗaukar nauyin jama'a da yawa a lokaci guda ba. Tilas aka sayi sababbi, aka ɗaga rana. Har wa yau, gaskiya ne ma'aikatan sun ɗora ne a kan wani sashe na abin da 'yan kwangila suka riga suka gina. A ranar 1 ga watan Yuli na 2012 aka buɗe manhajar ga dukan jami'an hukumar, ba tare da an zarce dala miliyan 451 da aka ƙayyade daga baya ba.