Yawon Kallon Namun Daji Da Tsuntsaye A Gandun Zakuma Na Ƙasar Chadi

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin bazara ya kan haura digiri 40 a kudu maso gabashin Chadi, kowa inuwa yake nema. Amma a daidai wannan lokaci ne masu yawon buɗe ido daga Turai da Amurka da sauran ƙasashen Afirka su kan ɗauki madubin hangen nesa da na'urorin ɗaukar hoto, su nufi gandun dajin Zakuma da ke yankin Salamat, kusa da garin Am Timan.

Tafiyar ba ta raggo ba ce. Daga Njamena, babban birnin ƙasar, akwai kimanin kilomita 800, watau yini guda cur a mota ta hanyar Mongo, sai fa ga mai halin hayar ƙaramin jirgin sama. Gandun, wanda aka kafa a shekarar 1963, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 3,000.

Ruwa ne yake tsara rayuwar dajin. Da damina kogin Salamat ya kan cika ya tumbatsa, hanyoyi su yanke, a rufe gandun ga baƙi, dabbobi da yawa kuma su bazu har wajen iyakokinsa. Idan rani ya yi nisa sai ruwan ya janye, ya bar 'yan tafkuna da fadamu nan da can. Duk mai rai dole ya zo nan ya sha, shi ya sa baƙo ba ya wahalar nema.

A kan fita da asuba a buɗaɗɗiyar mota tare da ɗan jagora. Kafin hantsi mutum ya kan ci karo da garken ɓauna, da gwanki da kanki da mariya, wani lokaci har da zakuna kwance a bakin ruwa suna jiran rabonsu. Akwai kuma raƙumin dawa irin na Kordofan, wanda masana suka ce kusan rabin waɗanda suka rage a duniya a wannan daji suke.

Sai dai abin da ya fi jan hankalin baƙi da dama shi ne tsuntsaye, waɗanda aka ƙidaya kusan iri 400. A fadamar Rigek dubban gauraka su kan taru wuri guda, ga dinya da kirinjijiya, ga kwasakwasa da borin-tinke da zalɓe, kowanne da irin tasa dabarar kiwo. A cikinsu akwai baƙi daga Turai, waɗanda su kan ƙetaro teku da hamadar Sahara don guje wa sanyin hunturu, su koma gida idan yanayi ya sassauta.

Da la'asar sakaliya kuma sai jan baki su iso. Miliyoyinsu su kan taso a dunƙule kamar hayaƙi, su rufe sama, su sauka su sha ruwa, su sake tashi da ƙugi mai kama da na hadari. Rassan itatuwa har karyewa su kan yi saboda nauyinsu. Ana jin babu tsuntsun daji a duniya da ya kai su yawa.

Manomin gero da dawa, daga Chadi har zuwa Yobe da Jigawa da Kebbi, zai yi mamakin jin cewa akwai mai biyan kuɗi masu yawa don ya kalli jan baki. Wannan tsuntsu ne yake sa yara su yini a gona suna kaɗa gwangwani, shi ne kuma hukumomi su kan yi wa feshin magani da jiragen sama. Masu iya magana dai sun ce abincin wani gubar wani.

Giwayen Zakuma kuwa labarinsu daban ne. A shekarar 2002 an ƙiyasta sun haura 4,000. Zuwa shekarar 2010 ba su wuce 450 ba. Mafarauta a kan dawakai, ɗauke da manyan bindigogi, da yawansu daga wajejen Darfur na ƙasar Sudan, su ne suka yi ta kashe su don sayar da haure. Tsoro ya sa waɗanda suka tsira suka cure a garke guda suna gudun ceton rai, haihuwa ma ta kusa tsayawa. A 2011 ɗan giwa ɗaya tak aka gani wanda bai kai shekara biyar ba.

A shekarar 2010 ne gwamnatin Chadi ta damƙa kula da gandun ga ƙungiyar African Parks, mai hedkwata a Afirka ta Kudu. Aka sake horar da masu gadi, aka ɗaura wa wasu giwaye na'urorin da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, aka gina filayen saukar jirage domin sintiri ya ci gaba ko da damina. Aka kuma raba wa ƙauyukan kewaye rediyon oba-oba, ta yadda za su ba da labari da zarar sun ga baƙin mahaya, abin da ya kare su kansu da dukiyoyinsu.

Aikin ya ci rayuka. A watan Satumba na 2012, mafarauta suka kai hari a sansanin masu gadi da ke Heban, arewa da gandun, a daidai lokacin sallar asuba, aka rasa mutum shida. Duk da haka ba a fasa ba. A ƙidayar 2018 an sami 'ya'yan giwa 127, kuma zuwa 2021 yawan giwayen ya haura 600.

Ba kowane yunƙuri ne ya yi nasara ba. Daga cikin karkanda shida da aka kawo daga Afirka ta Kudu a 2018, huɗu sun mutu cikin 'yan watanni, sai a ƙarshen 2023 aka ƙaro wasu biyar. Haka kuma a watan Oktoba na 2025 gwamnatin Chadi ta ba da sanarwar soke yarjejeniyarta da ƙungiyar, tana zarginta da gazawa wajen hana farauta da kuma raina hukuma, kafin ɓangarorin biyu su sasanta cikin wannan wata.

Wanda yake son sanin abin da rashin tsaro ke jawowa, sai ya dubi gandun Waza da ke arewacin Kamaru, tsakanin Marwa da tafkin Chadi. Shekaru da dama shi ne abin alfaharin yankin wajen kallon raƙuman dawa da jiminu da zakuna. A watan Fabrairu na 2013 'yan Boko Haram suka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya, cikinsu har da yara huɗu, bayan sun ziyarci gandun. An sako su bayan wata biyu, amma daga nan ƙafar baƙi ta ɗauke, 'yan jagora da direbobi da masu masauki suka rasa abin yi.

A Zakuma kuwa, gandun yana daga cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a yankin Salamat, an gina makarantu a ƙauyukan da ke kewaye, an kuma keɓe sansani domin 'yan ƙasa da ɗalibai su zo su ga dajinsu da idonsu. Makiyaya da manoman da suke zaune da waɗannan dabbobi damina da rani su ne su kan fara ganin sawun mafarauci, kuma shawararsu ta faɗa ko su yi shiru ita ce mafi ƙarfin kariyar da giwayen suke da ita.

Ga mai niyyar zuwa, a kan buɗe gandun daga wajejen Disamba zuwa Mayu. Ana bukatar bizar Chadi ga waɗanda dokar ta shafa, da katin rigakafin shawara, da maganin zazzaɓin cizon sauro, sannan a bincika halin tsaron hanya kafin a tashi. Da zarar shamuwa ta bayyana, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai a naɗe tantuna, sai kuma baɗi.